Na mayar da matakin ƙafa baya, birkin baya ya rikice: ina gyaran yake?

"Assalamu alaikum, Oga. Ina da tsohon Honda CG125 da nake mayarwa irin baburan tseren nan na da, masu sunkuyayyen kai da siririn sit. Na cire matakan ƙafa na asali, na sa wasu a baya kuma sama kaɗan, da guntuwar fedar birki a jikinsu. Sandar birkin ta yi tsawo, tana kuma bugun salansa, sai mai walda ya yanke ta, ya lanƙwasa, ya haɗa. Yanzu in na ɗauki goyo sai fedar ta nutse har ƙasa birki bai kama ba. In na ƙara ɗaure notin baya kuma, a gargada sai in ji birkin yana kama kansa, fedar tana dukan ƙafata, dirom ya yi zafi. Ko ni kaɗai ne a kai ma sai na taka da ƙarfi sosai kafin ya ci. Abokaina sun ce in sa birkin faifai kawai in huta. Mece ce shawararka?" Wani mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. In na fahimce ka, ƙorafi uku ka kawo: birki yana ɓacewa in an yi wa babur nauyi, yana kama kansa in ka ɗaure shi, sannan ko lokacin da yake aiki ba ya ci sai da ƙarfin tsiya. Na farko da na biyu ciwo ɗaya ne, na uku kuma daban yake. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya fito daga dirom ɗin kansa, shi ya sa ban bi bayan abokanka ba tukuna. Amma kafin mu yi nisa, ka jingine babur ɗin nan daga hawa babban titi har sai an gyara. Birkin da ke kama kansa a gargada yana iya kulle maka tayar baya a tsakiyar kwana, kuma ba zai yi sallama ba.

Salon da kake bi daga Ingila ya taso, a shekarun 1950 da 1960, lokacin da samari ke taruwa a wuraren shan shayi irin su Ace Cafe da ke Landan da Triumph da Norton da BSA ɗinsu, suna sauke kan babur ƙasa don su kwanta a kan tanki. Duk wanda ya sauke hannu haka dole ƙafarsa ta koma baya, in ba haka ba ya naɗe a kan sit. Don haka ba ka yi laifi ba da ka matsar da matakan. Sai dai CG125, tun da Honda ta fito da shi a 1975, an yi shi ne don zama a miƙe, da kaya da goyo, kuma kowane ƙarfe na birkinsa an ajiye shi ne a kan wannan lissafin.

Ga yadda abin yake a asali. Doguwar fedar tana juyawa a ƙasan firem. A gindinta akwai ɗan guntun hannu da ya miƙe sama, wanda yake matsawa gaba in ka taka. Shi ke jan sandar, sandar ta ja hannun da ke jikin farantin birki, hannun ya juya wani guntun ƙarfe da ake kira kam, kam ya buɗe shu biyu, wato takalman birki, su manne da cikin dirom, kwanon da ke juyawa tare da taya. Farantin kuma akwai wani ƙarfe daban da ya riƙe shi a jikin fok ɗin baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, don kada ya bi taya ya juya. Abin da yawancin masu gyara ba sa lura da shi shi ne, kan sandar na gaba yana jikin firem, wanda ba ya motsi, kanta na baya kuwa yana jikin fok, wanda ke hawa da sauka duk lokacin da taya ta faɗa rami.

Dalilin da birki ke kama kansa

Ka ɗauki ƙyauren ƙofa. Ka ɗaura igiya a bakinsa, ɗaya kan igiyar ka ɗaura a ƙusa a bango. In ƙusar tana daidai kan hinji, buɗe ƙyauren ka rufe yadda ka ga dama, igiyar ba za ta yi tauri ba, ba za ta saki ba. Matsar da ƙusar taƙi ɗaya gefe, sai ka ga igiyar tana ɗamewa in ƙyauren ya yi nan, tana sakwarkwacewa in ya yi can. Fok ɗin baya shi ne ƙyauren, babbar kusar da yake juyawa a kanta ita ce hinji, sandar birki ita ce igiyar.

Shi ya sa kamfani ke kai kan sandar kusa da wannan kusa gwargwadon iko. Kai kuma da ka ɗaga mataki sama, kan sandar ya bi shi. Daga bayanin da ka yi ma ana iya gane ɓangaren da ya kauce: tunda nauyi ne ke sa fedar nutsewa, layin sandarka ya bi ta saman kusar fok ke nan. In an danne babur, taya ta hau, tazarar da ke tsakanin kawunan sandar biyu ta ragu, sai ta saki. In babur ya yi tsalle fok ya sauka, tazarar ta ƙaru, sai sandar ta ja birki da kanta, abin da ya rage kuma ya dawo maka a tafin ƙafa. Da layin ta ƙasan kusar ya bi da nisa, da akasin haka za ka gani, wato goyo ne zai riƙa kama maka birki.

Ana iya auna wannan da zare da rula. Ka ja zare daga fin ɗin da ke riƙe kan sandar na gaba zuwa inda ta shiga hannun dirom, ka zarce da shi gaba har ya wuce saitin kusar fok, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin zaren da tsakiyar kusar. Bari in ba da misali da lambobi na ƙiyasi, kai ka sa naka. A ce daga kusar fok zuwa shaf ɗin taya, wato ƙarfen da take juyawa a kai, milimita 450 ne, taya kuma tana hawa da sauka milimita 80, zaren ya kauce wa kusar da milimita 60. Ka ninka 60 sau 80, ka raba da 450, za ka samu kusan 11. Ma'ana sandar tana neman ƙarin tsawo ko ragin milimita 11 tsakanin hawa da sauka. In fedarka tana ninka motsi sau huɗu, wannan ya zama sama da milimita 40 a ƙarƙashin ƙafarka. Wasan da Honda ke cewa a bar wa fedar irin waɗannan babura kuwa, wato tafiyar da take yi kafin birki ya fara kamawa, milimita 20 zuwa 30 ne kawai. Ka ga babu inda za ka tsayar da notin baya ya yi daidai. In ka saita shi da goyo ya kama kansa ba goyo, in ka saita shi ba goyo ya ɓace da goyo. Ba a noti gizo ke saƙar ba.

Lanƙwasa sandar kuma ba ta canja komai a wannan lissafin. Ko sau nawa aka karkata ta, abin da fok ya sani shi ne miƙaƙƙen layin da ke tsakanin kawunanta biyu.

In ka sa dogayen shokozoba don ɗaga bayan babur, kamar yadda masu wannan salon suka saba, ka ƙara wa matsalar gishiri, domin fok yana sauka fiye da inda aka tsara masa. Masu cire shokozoba gaba ɗaya su yi wa firem walda ya zama sandararre ba sa fama da wannan, tunda babu abin da ke motsi, sai dai bayansu ne ke biyan kuɗin a hanyoyinmu.

Dalilin da ba ya ci

A nan abubuwa uku nake zargi, kuma mai yiwuwa duka ukun suna tare da kai.

Na farko tsawon feda. Ƙarfin da ke isa sandar ya dogara ne a kan tsawon fedar daga inda take juyawa zuwa inda kake takawa, a raba da tsawon guntun hannun da ke jan sandar. In ta asali milimita 200 ce, hannunta 50, to ninki huɗu ke nan: ka taka da nauyin kilo 30, sandar ta ja da 120. Guntuwar fedar da ake haɗawa da matakin baya da wuya ta kai wannan tsawon. In taka 120 ce aka bar mata hannu mai 50, ninkin bai kai biyu da rabi ba, ka yi asarar kashi 40 cikin 100 na ƙarfin ƙafarka tun kafin a je dirom. Maganin ba wuya: a huda sabon rami kusa da gindi, a wajen milimita 30, ninkin ya koma huɗu. Ni nakan sa a huda ramuka uku a jere a kan hannun, don mai babur ya gwada ya zaɓi wanda ya yi wa ƙafarsa daɗi. Kada dai a zarce. In ninkin ya yi yawa, feda za ta yi laushi, ta yi tafiya mai nisa, idon sawunka ya ƙare lanƙwasuwa birki bai gama kamawa ba, ko kuma ya zama mai saurin kulle taya a kan yashi. Tsohuwar fedarka in tana nan kada ka yar, ita ce malamarka. Auna ta, ka kwaikwayi ninkinta.

Na biyu ita ce lanƙwasar da mai walda ya yi. Sandar milimita 6 in tana miƙe tana ɗaukar jan ɗaruruwan kilo ba ta ce uffan ba. Da zarar an yi mata gwiwa, ja ya daina zama ja kawai, ya koma ƙoƙarin miƙar da gwiwar. Karkata ta milimita 30 kacal ta isa ta sa nauyin da ke kan wannan gwiwar ya ninka abin da ƙarfe na yau da kullum ke iya jurewa sau da yawa. Sai ka taka, maimakon hannun dirom ya motsa, sandar ce ke buɗewa. Ka sa wani ya taka fedar da ƙarfi kai kuma ka tsuguna ka zuba wa gwiwar ido, za ka ga tana numfashi. Kullum tana ƙara miƙewa kaɗan, kullum kana ƙara ɗaure noti, ga kuma walda a tsakiya, inda zafi ya riga ya raunana ƙarfen. Ranar da za ta tsinke ita ce ranar da ka fi taka ta da ƙarfi, wato ranar da ka fi buƙatarta. Wannan sandar ba ta gyaruwa, a cire ta.

Na uku kusurwar hannun dirom. Hannu yana ba da cikakken ƙarfinsa ne in shi da sandar sun yi kusurwa irin ta sukwaya, digiri 90, a daidai lokacin da birki ya kama. Don haka in feda tana sake, ya kamata hannun ya ɗan koma baya, yana kamawa yana isowa sukwaya. In ya riga ya wuce ta tun kafin shu su taɓa dirom, kowane ƙarin taku ƙarfinsa raguwa yake yi. Haka ma guntun hannun feda. Tunda ka canja inda sandar ke fitowa, kusurwar nan ta canja, kuma ana iya gyara ta da zare hannun daga haƙoran kam a matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu.

A nan sai an yi hattara. Ka goge kan kam ɗin da tsumma da ɗan fetur, za ka ga ɗigon da aka buga da fanci, da ɗan'uwansa a jikin hannun. Kamfani ya sa su ne su dace da juna. Matsar da hannu saboda sabon layin sanda, da sababbin shu a ciki, daidai ne. Matsar da shi don a ci gaba da morar shu da suka cinye, kamar yadda ake yi a bakin titi, wannan gyaran gangar Auzinawa ne. In shu sun siraɗe, kam yana juyawa fiye da kima, yana iya tsayawa a tsaye tsakaninsu ya ƙi komawa, taya ta kulle. Saboda haka ka buɗe dirom tukuna. In abin da ya rage a jikin shu ya kusa milimita 2, canja su. Ka goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, kada ka hura ta da baki ko da iska, domin wasu shu ɗin, musamman tsofaffi, akwai asbestos a cikinsu. Ka zare kam ka wanke, ka shafa masa giris ɗan kaɗan yadda ba zai kai ga shu ba. Kam da tsatsa ta riƙe shi kaɗai ya isa ya cinye rabin ƙarfin ƙafa.

Hanyoyin da ke gabanka

Wadda na fi so, kuma na fi yi wa masu irin babur ɗinka, ita ce a mayar da sandar asali inda take, a bar gindin tsohuwar fedar a mazauninsa ya zama ɗan aike. Ana yanke doguwar fedar a bar gindin da guntun hannunsa, sannan a haɗa sabuwar fedar da wannan gindin da wata gajeriyar sanda. Gajeriyar sandar daga firem take zuwa firem, babu ruwanta da motsin fok, doguwar kuma ta koma kan lissafin kamfani. Ƙorafinka na farko da na biyu sun tafi ke nan a lokaci ɗaya.

Wajen haɗa gajeriyar sandar akwai zaɓi. In kunnen sabuwar fedar yana sama da inda take juyawa, gaba yake tafiya in ka taka, wato tura sandar zai yi. In yana ƙasa, baya yake tafiya, sai ya ja ta, amma sai an yi wa tsohon gindin kunne a ƙasa shi ma, yadda in an ja ƙasansa baya samansa zai yi gaba. Ja ya fi turi a koyaushe, domin siririn ƙarfe in ana tura shi lanƙwashewa yake yi. Matsalar kunnen ƙasa ita ce wuri: salansa tana nan, ƙasa kuma tana kusa in ka kwanta a kwana. In dole sai turi, a yi sandar gajeriya, miƙaƙƙiya, mai kaurin milimita 8 ko 10, ko bututu mai kaurin bango. Aibin wannan hanyar shi ne an ƙara mahaɗa biyu, kuma kowace mahaɗa in tana da wasa, wasan taruwa yake yi a feda. Shi ya sa nake sa kawuna masu ƙwallo a ciki, irin na sandar giya, maimakon a huda ƙarfe a zura kusa kawai.

Hanya ta biyu ita ce sanda ɗaya miƙaƙƙiya daga sabuwar feda kai tsaye zuwa dirom. Ta fi kyan gani, ta fi sauƙin nauyi, kuma tana yiwuwa in zaren nan ya nuna layin zai bi kusa da kusar fok. Wasu kan juya hannun dirom ya kalli sama don sandar ta bi ta saman fok ta kauce wa salansa. A birki mai kam ɗaya irin naka, wanda fuskokinsa biyu iri ɗaya ne, kam yana buɗe shu ko ta wane ɓangare aka juya shi, don haka yana aiki. Sai dai alamar da ke nuna cinyewar shu ta daina amfani, kuma dole ka sake ja zaren, domin layin ya canja. Ni dai in tazarar zare da kusa ta wuce milimita 20 zuwa 25 ba na yarda da wannan hanyar. Sau da yawa matsar da matakin kansa da ɗan yatsa biyu ya fi sauƙi a kan duk wata dabara. Ka yanka kwali a siffar farantin da zai riƙe matakin, ka manna a firem, ka gwada wurare kafin a taɓa ƙarfe.

Ta uku waya ce, irin ta kuloci amma mai kauri. Vespa irin ta da, da waya take jan birkin bayanta daga fedar da ke ƙasa, kuma ta yi shekaru tana yi. Amfanin waya shi ne ba ta damu da hawa da saukar fok ba, in dai rigarta ta samu matsaya mai ƙarfi a wuri biyu: ɗaya a firem kusa da feda, ɗaya a jikin faranti ko fok kusa da hannun dirom. Wannan ta biyun ita ce mutane ke kuskurewa, su ɗaure rigar a firem su bar tsirarar waya ta tafi dirom, sai a koma gidan jiya. Waya ba ta kai sanda tauri a ƙafa ba, tana son mai, ga ƙurar hunturu da ruwan damina suna shiga rigarta. Wayar kuloci ko ta birkin gaba ba za ta yi ba, ƙafa ta fi hannu ƙarfi nesa ba kusa ba. In wurin ya matse har sanda ba ta da hanya, waya ta fi lanƙwasasshiyar sanda sau goma.

Sai birkin faifai da abokanka suka ce. Gaskiyarsu ta wani ɓangare: tiyon mai ba ruwansa da layi ko kusurwa. Amma aikin ba ƙarami ba ne. Sai ka canja cibiyar taya ko tayar gaba ɗaya, ka daidaita sarƙa da sabuwar cibiyar, a ƙera abin da zai riƙe kalifa, wato abin da ke matse faifan, ya kuma hana ta juyawa, a samo famfon man birki da ya dace da ita, sannan har yanzu sai ka yi lissafin ninkin feda, domin famfon ma feda ce ke tura shi. A babur mara nauyi irin CG125, in ka ja birki da ƙarfi nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin, ta baya kuma ba ta buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ta fara ja a ƙasa. Dirom mai lafiya ya isa ya kulle ta. In kana da kuɗin faifai, a gaba za su fi yi maka amfani.

Kayan aiki da ƙananan abubuwan da ake mantawa

Sabuwar sanda a yi ta da ƙarfe guda, babu haɗi. Kai ta wajen masu injin gyare ƙarfe su yanka mata tiredi a baki, wato haƙoran da noti ke hawa. Rodin gini ba ya cikin lissafi, haka ma ƙarfen nan da ake sayarwa mai tiredi daga sama har ƙasa, musamman inda za a tura shi. Duk inda tiredi ya shiga wani abu, ya shiga aƙalla tsawon kaurinsa sau ɗaya da rabi, a kuma bi shi da notin kulle. Kusoshin da ke riƙe matakin da feda ka duba kansu ka ga an rubuta 8.8, kada ka karɓi marasa lamba. Kowane fin a sa masa kota-fin sabo, wato ɗan fin mai baki biyu da ake buɗewa don hana shi zamewa, ba guntuwar waya ko ƙusa ba. Feda ta juya a kan bushi da giris, ba a kan tsirarar kusa ba. Farantin da ke riƙe matakin ma ya yi kauri, domin in yana lanƙwasawa in ka taka, shi ma ɓarawon ƙarfi ne.

Feda tana buƙatar abin da zai tsayar da ita in ta dawo sama, wanda ake iya saitawa, da sifirin nata na kanta. Kada ka dogara da sifirin da ke cikin dirom ya ɗago ta. Ka saita ta ta zauna ƙasa da tafin ƙafarka kaɗan in kana zaune yadda kake tuƙi, don kada ka riƙa jingina a kanta ba ka sani ba, wanda shi ma yana dafa dirom. Makunnin fitilar birki yana jikin tsohuwar feda da ɗan sifirinsa. In ka bar tsohon gindin, ya tsira, in ba haka ba sai ka nema masa sabon wuri, kuma fitilar ta kama kafin birkin ya kama. Sannan kik. A CG125 yana ɓangare ɗaya da birki, kuma matakin da aka mayar baya yakan tare masa hanya. Ka gwada shi har ƙasa tun kana kan kwali. Mataki mai naɗewa yakan warware wannan.

Ƙarfen da ke riƙe farantin birki a jikin fok kuwa, ko an ce yana ɓata kwalliya kada ka taɓa shi. In ya kwance, faranti zai bi taya ya juya, ya naɗe sandar, ya fizge feda. Ka tabbata notinsa na da kota-fin. Kada kuma a mayar da kansa jikin firem ba tare da lissafi ba, domin hakan yana sa farantin ya riƙa juyawa da motsin fok, wata sabuwar rigimar ke nan.

Gwaji kafin hawa

Ban ga babur ɗinka ba, kuma lambobin da na kawo na misali ne, don haka wannan gwajin shi ne alƙali, ba maganata ba. Ka ɗora babur a kan dabul-stan ko katako yadda tayar baya za ta rataya. Cire shokozoba duka biyu. Manna rula a firem kusa da bakin feda, ka ɗan danna fedar da yatsa har ka ji shu sun fara taɓa dirom, ka yi alama da alli. Yanzu wani ya ɗaga tayar a hankali, daga inda shokozoba ke ƙarewa in sun miƙe zuwa inda suke ƙarewa in sun danne, kai kuma yatsanka na kan feda kana kallon allin. In aikin ya yi, bakin fedar ba zai yi yawo fiye da 'yan milimita ba, a ce bai wuce 10 ba. Ka saki fedar, a sake ɗagawa da saukewa ana juya taya da hannu. Ko a ina fok yake, taya ta juya sakayau, sandar kuma kada ta goga salansa, ko fok, ko kusar shokozoba.

In za ka ɗaure shaf ɗin taya, ka sa a taka birki a riƙe sannan ka ɗaure, hakan na sa farantin ya zauna a tsakiyar dirom, shu biyu su kama tare. Mayar da shokozoba, sauke babur, ka bar wa feda wasan milimita 20 zuwa 30. Sannan ka hau kan fedar da dukan nauyinka, sau da yawa, kamar mai neman karya ta. In akwai abin da zai lanƙwashe ko ya tsage, gara ya yi a gareji. Ka sake auna wasan. In ya ƙaru, wani abu ya miƙe, ka nemo shi.

Daga nan sai fili mara mutane. Fara da tafiya a hankali kana taka birkin baya shi kaɗai, kai kaɗai, sannan da goyo. Bayan haka ka bar dirom ya huce, ka yi tafiyar kilomita ɗaya ko biyu a hanya mai gargada ba ka taɓa fedar ba, ka tsaya da birkin gaba, ka kai bayan hannunka kusa da dirom. In da ɗumi sosai, har yanzu yana kama kansa. Sababbin shu suna ɗaukar ɗan lokaci kafin su zauna, don haka a makon farko ka riƙa duba wasan feda da notocin kulle kowace safiya. Kuma duk ranar da ka ja sarƙa, taya ta matsa baya ta ja sandar tare da ita, sai ka sake saita notin birki kafin ka hau.